Harsashin da Bai Fita Ba

A tsaunukan gabashin Kentucky ta Amurka, mace mai zuba harsashi da hannunta ba abin kallo ba ce, amma irin Lorna Tackett ba su da yawa. Ƙuruciyarta duk ta ƙare a tuƙin bas ɗin 'yan makaranta, a hanyoyin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi, kuma ba ta taɓa jefa ɗan kowa a rami ba. Da ta yi ritaya sai ta koma rumfar bayan gida, wurin tukunyar narka dalma da ta gada daga ubanta. Masu gyaran taya duk sun san ta, don ita ke kwashe guntayen dalmar da ake cirewa daga ƙafafun motoci. Ta narka, ta zuba a mazubi, wato ƙarfe biyu masu rami a tsakani, ta buɗe, harsashi ya faɗo yana ƙyalli. Sai ta ɗura albarushi a kwanso, ta ɗora shi a kai. Matsoraciya ce ta gaske, ba ta kuma ɓoyewa. Takan ce tsoro ne ya bar mata yatsunta goma.

Mijinta Dewey a ramin kwal ya tsufa. Injina suka cinye masa kunne, dutse ya ɓata masa kafaɗa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: ranar Asabar ya ɗauki tsohuwar bindigarsa ta farautar barewa, ya hau tsohon wurin fasa dutse, ya jera gwangwanayen wake, ya yi ta kayar da su. Bayan an yi masa aiki a kafaɗa, likita ya ce in bindiga ta ƙara shurinsa sau ɗaya, ɗinkin ya tafi. Dewey ya koma zaman baranda, ba uhm ba uhm-uhm, ko burodin masarar da yake so sai ya ture. Lorna ta ga mutum yana narkewa a gabanta, ta ɗauki jaka ta nufi shagon Hollis mai kayan bindiga.

"Hollis, mazubi nake so na ƙaramin harsashi," in ji ta. "Mara nauyi, wanda ba zai shuri tsohona ba."

"Wa, Dewey? Ai wannan ko igwa aka harba a bayansa, cewa zai yi wa ke ƙwanƙwasa ƙofa."

"Kunnensa ne ya mutu, ba kafaɗarsa ba. Fito da kaya, ka cika surutu."

Ya jera mata uku. Ta juya wannan, ta leƙa wancan, ta ɗauki mafi ƙanƙanta.

"Wannan ɗan mitsitsin? To. Albarushi kaɗan yake so, kamar gishirin miya. Amma ki kula, Lorna, in ya gaza, a hanya harsashin zai kwana."

"Yau kuma ni za ka koya wa?"

Ƙaramin harsashi ya yi daɗi. Ba shuri, ba ƙara mai yawa, gwangwani kuwa sai ya yi tsalle. Dewey ya dawo da cin abinci, har da tsokana. Kaka ta wuce a haka.

Wata Asabar da rana ya cika aljihu da sabon zubi ya tafi. Lorna ta ga sauran 'yan kaɗan a kan tebur, ta ɗauko tata bindigar, ta ce bari ta ƙarasa su a kan kututturen bayan rumfa. Na farko ya fita, na biyu ya fita. Na uku ya ce fut, kamar an buɗe kwalba, kututture ko gezau. Ta zura sanda a bututun bindigar, sanda ta tsaya a rabi. Harsashi ya maƙale.

Ta koma rumfa da gudu ta kwance ma'aunin albarushi. Wani ɗan dunƙule ya toshe bakinsa, yana zuba wa wani kwanso, yana hana wani. Nawa ya hana? Allah kaɗai ya sani. Aljihun Dewey kuwa cike yake da wannan zubin. Duk mai harbi a tsaunukan nan ya san abin da ke faruwa in an harba na biyu a kan wanda ya maƙale: bindigar ce ke fashewa a hannu. Lorna ta taɓa ɗaukar 'ya'yan wani mutum a bas, mai ido ɗaya da rabin hannu, kuma haka ya same shi. Ita da kunnenta ta gane ƙarar ta canja. Dewey da me zai gane?

Ta kira wayarsa, wayar ta yi kuka a kan kujerar baranda. Ta faɗa a-kori-kura ta nufi wurin fasa dutsen.

Matar da ba ta taɓa wuce ƙa'idar gudu ba, ranar ta manta da birki. A-kori-kura tana ta tsalle a kan tsakuwa, ita kuwa addu'a take yi da ƙarfi, tana haɗawa da zagin kanta. Garin neman gira za ta rasa ido, kuma ba ma nata idon ba. Ta sauke gilashi tana kasa kunne. Ta ji tas daga sama, ta ce ya fita. Ta ƙara jin tas. Daga nan shiru, kuma shirun ya fi harbin ban tsoro.

Da ta sha kwanar ƙarshe ta hango shi, ya ba ta baya. Ya sauke bindiga yana kallon gwangwanaye yana girgiza kai, ya ɗura wani, ya sake ɗagawa. Ta danna oda har hannunta ya yi ciwo. Ko waiwaye bai yi ba. Sai ta taka mai, ta zagaye shi, ta tsayar da motar tsakaninsa da gwangwanayen, bakin bindiga yana kallon ƙofarta.

Dewey ya sauke bindigar a firgice. "Ke! Kin haukace ne? Saura ƙiris in harbe ki!"

Ta diro daga motar. Ta fizge bindigar, ta fitar da wanda ya ɗura, ta zura sanda. Sanda ta tsaya a rabi. Ta buga da dutse, ta sake bugawa, ɗan harsashin ya faɗo a kan takalminsa. Ta zauna a ƙasa.

Ya daɗe yana kallon abin. "Na ɗauka kuskure na yi," in ji shi.

"Ba ka ji ƙarar ta canja ba?" Da ihu ta faɗa, a saitin fuskarsa.

"Wace ƙara, Lorna? Rabona da jin bindigar nan tun kafin a yanka ni. Da kafaɗa nake sanin ta tashi. Yanzu kuwa ba ta taɓa ni. In gwangwani ya faɗi, na harba. In bai faɗi ba, sai in ce tsufa ne."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ga kina murna."

Ya sa hannu a aljihu ya zazzage mata sauran harsasan a cinya, ya tafi a hankali ya fara tsince gwangwanayensa.