Soson Folish a Hannun Surukina

Na daɗe ina tuƙi. Na ga faci a dokar daji, na ga mota ta kafe a tsakiyar rafi, kuma yawancinsu sun fice mini daga kai. Amma ranar da surukina ya kama mini aikin goge mota, ita kam ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba na jin za ta bar raina.

A Safana nake zaune. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni mutum ne mai son komai ya bi layinsa, na farko ya zo kafin na biyu. Na yi shekaru ina jan akori-kurar wani Alhaji, Bafulatani mai shanu, ɗan asalin Tsaskiya da ya dawo Safana da zama. Gero, gyaɗa, tumaki, babu abin da ban ɗauka ba. Da Allah ya hore masa ya sayi ƙaramar mota baƙa wuluk, sai ya kira ni ya miƙo mini makulli.

Ya ce, "Na ga yadda ka riƙe tsohuwa, shi ya sa na ba ka sabuwa. Amana ce. Yadda na ba ka ita, haka nake son in riƙa ganinta."

Wanda bai taɓa cicciɓar buhu a rana ba, ba zai san abin da wannan makullin yake nufi ba. Na huta da lodi, na huta da warin tumaki, na fara sa farar riga ta wuni fes. Lungun gidan Alhaji matsattse ne, don haka a ƙofar gidana motar take kwana, ƙarƙashin wata dalbejiya.

Wani mai fenti a Katsina ne ya koya mini folish. Mai ne daskararre a cikin faffaɗan gwangwani, launinsa kamar man shanu, taurinsa kamar man kaɗanya, ana shafa shi don fenti ya yi ƙyalli kuma rana ta rage cinsa. Yana zuwa da ɗan zagayayyen soso mai laushi, girman tafin hannu. Aikin yana da tsari, ni kuwa abin nema ya samu. Da farko a wanke mota tas. Na biyu a bari ta bushe. Na uku a tabbatar tana inuwa, jikinta ya yi sanyi. Sai a lakato man kaɗan, kaɗan fa, a shafa siriri a ɓangare ɗaya. A jira ya yi fari-fari, a ja yatsa a kai. In wurin ya fito garau, a sa tsumma mai laushi a goge. Sannan a matsa gaba.

Da zan tafi, mai fentin ya riƙe ni ya ce, "Direba, ga babbar doka. Soson nan in ya taɓa ƙasa, ya mutu. Kada ka kakkaɓe, kada ka hura, jefar da shi. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shige cikinsa, ta zama reza."

Na riƙe wannan magana da kyau. Duk ranar da na gama aiki sai in jiƙa soson a ruwan ɗumi da ɗan sabulun ruwa, in matsa shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, in ɗauraye har ruwan ya fito fari, in shanya shi kan faranti a inuwa. In ya bushe in sa shi a leda in ƙulle. Matata har tsokanata take yi, wai ko jaririn ranar suna ba a yi masa irin wannan wanka. Ban taɓa tsayawa na yi mata bayani ba. A ganina a lokacin, ba huruminta ba ne.

Ranar da abin ya faru, da bazara ne, da hantsi. Washegari Alhaji zai je taron suna a Batsari, ya ce yana son motar ta fita kunya. Na wanke, na busar, na gama ƙofofi huɗu da rufi, komai yana tafiya daidai. Saura bonet kawai, wato murfin injin da ke gaba. Na lakato mai ke nan sai na ji babur ya tsaya a bayana. Ina waiwayawa na ga mahaifin matata yana saukowa, da buhun rogo ɗaure a baya. Daga Karare yake, bai aiko ba, bai kira ba.

Duk ɗan ƙasarmu ya san ba a gaida suruki a tsaye. Kafin in yi tunani na tuɓe takalma na durƙusa, na kai hannuwa ƙasa. Kuma soson yana hannuna na dama, fuskarsa mai danƙon mai tana kallon ƙasa. Na ji lokacin da ya nutse a cikin rairayi. Wata shida ina kiwonsa, gaisuwa ɗaya ta kashe shi. Na sake shi a wurin da niyyar in an gama in jefar.

Muka yi gaisuwa yadda ta dace. Ya gajiya, ya iyali, ya mutanen Karare, ya zafi, ya aka ji da jiran ruwa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na amsa kaina a sunkuye. Da muka ƙare sai ya juya ya ƙare wa motar kallo.

"Kai, masha Allah! Wagga ita ce ta Alhajin? Har ina ganin gemuna a ciki. Malam direba, ashe aiki na iske kana yi."

"Ɗan kaɗan ne, Baba, ya ma ƙare."

"Ina ya ƙare, ga gaba nan ba a taɓa ba?"

Surukina manomi ne na gaske, kuma a wajensu in ka iske mutum a gona ba ka tsaya da "sannu da aiki" kawai. Kana karɓar fartanyarsa ka ja masa kunya ɗaya ko biyu, wannan shi ne mutunci. Ina kallo ya naɗe hannun rigarsa, ya duƙa ya ɗauki soson daga cikin rairayi, ya buga shi sau biyu a cinyarsa, ya hura. Duk abin da aka hana, ya jera su a gabana. Sannan ya cusa shi cikin gwangwanin ya kwaso mai kamar mai ɗebo tuwo, ya laƙa a tsakiyar bonet.

Na ce, "Baba, a bar shi."

"Haba, mi ke nan? Ai ba komai."

"Baba, don Allah ka huta, ka sha hanya."

"Hanyar Karare ce hanya? Ni da ke wuni duƙe."

Ga inda matsalar take. Duk kalmar da na mallaka ta hana shi, ita ce dai kalmar da suruki mai ladabi yake faɗa ko da yana son a taya shi. "A bar shi" da na faɗa da gaske, da "a bar shi" ta kara, sautinsu ɗaya ne. Shi kuma al'ada ta ce in an ce ka bari, ka ƙara himma. Ya dafa da hannun hagu, ya danna da na dama, ya shiga murzawa da ƙarfin mutumin da ya shekara hamsin yana huɗa. Ni kaɗai nake jin ƙarar, siririya, ƙir, ƙir, ƙir, kamar ana jan ƙaya a bayana.

Na sake dabara. "Baba, ko za a shiga ciki a sha ruwa? Ga fura nan an dama."

"Fura ba ta gudu. Ban iya barin aiki rabi."

Abin da ya kamata in ce a fili yake: Baba, akwai yashi a jikin soson nan, yana yanka fenti. Maganar tana bakina. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya ba ni ɗiyarsa, wanda ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in ce masa ɓarna yake yi? Ga mai babur tsaye yana kallo, ga maƙwabcina ya leƙo yana cewa, "Sannu Baba, ka ga aikin manya!" Na tsaya riƙe da tsumma kamar gunki.

Matata ta ji muryar mahaifinta ta fito zaure da mayafi. Na ce alhamdu lillahi, ga mai ceto. Na ƙyafta mata ido, na nuna soson da haɓa, na girgiza kai. Ta dube ni, ta dubi mahaifinta, fuskarta ta cika da murna.

"Sannu da aiki, Baba! Ka ga soson da ko ni ba ya bari in taɓa, yau ga shi ya sakar maka."

"To ai shi ya san hannun da ya iya," in ji shi, ya ƙara dannawa.

Bai tsaya ba sai da ya bi bonet ɗin nan kusurwa zuwa kusurwa, babu inda ya tsallake. Ya miƙo mini soson ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Ga shi nan, saura gogewa, wannan kai ka san kanta." Ni kuma, Allah ya gani, na buɗe baki na ce, "An gode, Baba, Allah ya ƙara girma."

Da suka shige ciki na goge man. A inuwa ba a ga komai ba, har na fara sa rai. Na tayar da motar na fitar da ita rana. Inna lillahi! Bonet ɗin gaba ɗaya zane ne, zagaye a kan zagaye, kamar saƙar gizo-gizo, da wasu dogayen layuka uku da farce yake maƙalewa a cikinsu. Na sake wankewa, na ɗauko sabon tsumma, na shafa, na goge. Folish ba ya mayar da fentin da aka yanka. Gwangwanin ma ya tashi daga aiki, don yashi ya shiga cikinsa.

Bayan la'asar, da Baba ya tafi, na ja matata na nuna mata. Ta riƙe baki.

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ke me ya hana ki? Ba na yi miki alama ba?"

"Ni na san yashi yana cin mota? Ka taɓa gaya mini? Kullum sai dai kada a taɓa, kada a taɓa. Na ɗauka tsabar tsirfarka ce."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya ƙara ƙular da ni ke nan.

Da safe na kai motar bakin lungun Alhaji. Ya fito cikin shiri, ya zagaya ta a hankali yadda yake zagaya saniya a kasuwar kara. Da ya zo gaba ya tsaya, ya karkata kai, ya shafa da yatsa. Sannan ya dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"A hannuna ta lalace, Alhaji."

"Ban tambaye ka a hannun wa take ba. Jiya surukinka ya biyo ta nan mun gaisa, ya ce mini ya goge mini mota da hannunsa, har na yi masa godiya. Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka san zai ɓata?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni Bafulatani ne, babu wanda zai koya mini kunyar suruki. Amma in aka ba ni kiwon saniya, na ga surukina zai ba ta abin da zai kashe ta bai sani ba, hannunsa zan riƙe. Haƙuri sai in ba shi daga baya. Tsohon nan ba shi da laifi. Kai ne mai ido."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Na kai shi Batsari na dawo da shi, a ƙofar gida ya miƙo hannu na sa masa makulli. Ya ce akori-kura tana nan tana jirana. An kai motar Katsina aka bi ta da inji, ƙananan zanen suka ɓace, layukan nan uku suka zauna. Wani aka ba tuƙinta. Nakan gan ta a hanya ina ɗauke da buhunan gyaɗa, ta sha rana ta yi furu-furu, sai in kau da kai.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. An yi shekara biyu, duk zuwan da Baba zai yi sai ya tambaya, "Ina baƙar motar nan tamu? In za a goge a aiko mini." Ran nan matata ta gaji, ta zayyana masa komai. Ya sa aka kira ni. Na zo na durƙusa ina jiran ya ji kunya, ina shirya kalmomin da zan lallashe shi. Ashe faɗa zai yi.

"Kai wane irin mutum ne? Ka ga ina ɓarna ka tsaya kana ce mini in sha fura? In ka iske ni zan shuka irin da ya ruɓe, sai ka yi shiru don kana auren ɗiyata? Da ka ce akwai ƙasa a jiki, ai da na aje. Ka bar ni ina yawo gari ina yabon kaina!"

Nan ma haƙuri na ba shi.

Abin da na koya shi ne, na iya jera aiki daga na farko har na ƙarshe, amma ban tanadi abin da zan faɗa ba in babba ya zo zai rushe shi da kyakkyawar niyya. Girmama na gaba wajibi ne, har gobe ina durƙusa wa surukina. Sai dai shirun da na yi ban kare mutuncinsa da shi ba, ban kare amanar da aka ba ni ba, kaina kawai na kare daga nauyin magana ɗaya. In abin wani yana hannunka, ka ga za a lalata shi, ka faɗi dalili a fili, da ladabi, tun hannu bai sauka ba. "A bar shi" ba ta hana kowa komai a ƙasar nan.