Allurar Kumatu Ta Kai Ni Ta Baro

Assalamu alaikum Edita. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ni ne hedimasta a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Gagarawa, iyalina kuma suna Gumel. A lokacin ba abin da nake so irin a ce mini ban tsufa ba. Bari in fara da laifina na farko: da aka yi mana sabuwar jiha aka kwaso fayilolinmu daga Kano, na samu kafa na zabtare shekara tara daga shekaruna. Takarda ta yarda, fuska ce ta ƙi. Kumatuna sun lotsa, goshina ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ana cikin haka sai ga sanarwa cewa kwamitin tantance ma'aikata zai zo, kowa ya bayyana da kansa, a dubi takarda a dubi mai ita. Ina da 'ya'ya biyu a makarantar gaba da sakandare, ritaya a wannan lokaci ba ta cikin shirina.

Wani abokina direba, ɗan Sule Tankarkar, shi ya ba ni labarin wani mutum da ke tsallako iyaka duk Alhamis ya ci kasuwar Maigatari. Wai yana da allura daga Faransa, irin wadda matan Turawa ke yi, wani ruwa ne mai yauƙi da ake ɗura wa fuska ya cike rami ya miƙar da tamoji. Na same shi a wata rumfa bayan kara, inda ake cinikin dabbobi, da farar riga da tabarau. Tun da na ce ni malamin makaranta ne ya shiga kirana Mushe, wai haka ake ce wa malami a can wajensu. Da ina da hankali da na ɗauki kalmar da ma'anarta ta nan gida na tashi. Ya nuna mini hotuna biyu na wata Baturiya, kafin allura da bayanta. Yau in na tuna, na fi zaton uwa ce da 'yarta. Ya soka mini biyu a dama, biyu a hagu, ni kuma saboda haɗama na nemi gyara kamar mai sayen gyaɗa, ya ƙara mini ɗaya a goshi.

Ranar kam na ga abin da nake so. Duk madubin motar da na wuce sai na leƙa. Da na isa gida maiɗakina ta dube ni ta tambaya ko haƙori ke damuna, na ce mata hutu ne ya karɓe ni. Kafin Asabar kuncin hagu ya tsere wa na dama, idona ɗaya ya shige ciki, leɓɓana suka daina haɗuwa, in na kurɓi fura rabi a ciki rabi a riga. Na ce mata rina ce ta harbe ni. Ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin rinar da ke auna harbi biyu-biyu ta kuma ɗora na biyar a tsakiyar goshi ba. A masallacin unguwarmu, inda na shekara ashirin ina salla, liman ya ba ni hannu ya yi mini barka da zuwa, ya tambaye ni daga wane gari.

Litinin na naɗa rawani na ja amawali har ƙasan ido na tafi gaban kwamiti. Aka ce in buɗe fuska. Da na buɗe, ɗaya daga cikinsu ya yi salati, ɗayan ya ja kujerarsa baya. Shugabansu, wani mai furfura a gemu, ya karanta sunana sau biyu, sai ya taso ya durƙusa a gabana.

"Malam, ashe kai ne? Ai kai ka koya mini baƙi da wasali a aji ɗaya."

Ya koma ya zauna yana murna, ya buɗe fayil, murnar ta tsaya. Bisa ga takardata, ina ɗan shekara tara na koyar da shi. Allah ya saka masa, bai tozarta ni ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali in wuce asibiti tukuna, in na warke in rubuto takardar ajiye aiki da hannuna, kafin su rubuta tasu.

Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Filato da muke kira Sista, ita ta kai ni wurin likita. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya har ƙofar asibiti, a nan ta kasa. Likita ya ce allurar gaskiya akwai ta a ƙasashen waje, amma ƙwararru ke yin ta, kuma ita ma bayan watanni take bajewa. Abin da ke cikin fuskata kuwa, ya ce Allah kaɗai ya san sunansa, shi dai ya fi kama da mai. Ya ce da na ƙara kwana biyu da idon ya tafi. Aka tsaga, aka matse, na yi sati uku ina shan kunu da cokali. Da na samu sauƙi na koma Maigatari neman mutumin, na tarar da mai kanwa a rumfar, ya ce bai taɓa jin labarinsa ba.

Haka garin neman ƙiba na samo rama, domin kumatun sun ƙara lotsawa, ga tabo, ga aikin ya tafi. Yaran kuwa sun gama karatunsu da gona da ɗan fansho, abin da na zaci ba zai yiwu ba. Ina roƙon masu karatu, maza da mata, kada ku miƙa fuskarku ga wanda ba ku san inda ya koyi aiki ba, kome farin rigarsa. Masu taɓa shekaru a takarda kuma su sani akwai waɗanda suka san ranar sunansu. Tamoji ba ya ciwo, ba ya hana cin tuwo. Ni da na sayi ƙuruciyar yini ɗaya, ban ga abin da ta tsinana mini ba.