Yadda Na Auna wa Wani Ɗorawar Iya

Shekarun baya, lokacin ina ganin duk wanda bai iya latsa na'ura ba ɗan ƙauye ne, na sami aikin awon gonakin akaju da wata ƙungiya mai ofis a Paraku. Sati biyu aka yi ana ba mu formasiyo, wato horon aiki, a wani ɗaki a unguwar Banikanni, sannan aka miƙa wa kowa GPS na hannu, rawaya, girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Aikin ba wuya. Ka kunna shi a fili, ka jira ya kama satelit, wato tauraron ɗan'adam, ka bi iyakar gona da ƙafa kana latsawa a kowace kwana. In ka dawo inda ka fara sai ya nuna maka ko hekta nawa ce. Daga baya a ofis a fitar da zanen gonar a takarda, a buga hatimi, a kai wa manomi.

Ni kuwa na ɗauki abin nan kamar an naɗa ni sarauta. Ko shayi zan fita sha sai na rataya shi a wuya. Ran da na je gida Jugu gaida mahaifiyata, ta tambaye ni ko yana kama labaran duniya, na ce a'a. Ko ana kiran mutum da shi, na ce a'a. Ta ce to ita ba ta ga amfanin rediyon da ba ya magana ba. Na zauna ina yi mata bayanin satelit har tuwona ya huce.

Akwai doka ɗaya da malamin formasiyo ya maimaita har muka gaji da ji: kada a bi iyaka sai mai gona yana nan, maƙwabtansa na kowane ɓangare ma suna nan. Amma shef ɗinmu, shugabanmu na ofis, gona goma yake so a rana, wanda ya kawo ƙasa da haka kuwa a gaban kowa ake ci masa mutunci. Tara maƙwabtan gona ɗaya kaɗai sai ya ci maka rabin wuni. Kafin sati biyu a daji duk mun ajiye dokar nan, shef ɗin ya sani, bai ce komai ba.

Aka tura ni wani ƙauye a gefen Kolokonde. A nan na haɗu da mutumin da har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Magidanci ne mai fara'a da bakin zuma. Tun daga nesa ya fara kirana injiniya, ni da ko digiri ban gama ba, kaina kuwa ya yi ta kumbura. Na so in auna gonarsa ranar da na iso, ya ce in bari sai jibi, yana da hidima. Jibin nan ranar kasuwar Jugu ce, ban kawo komai a raina ba.

Da jibi ta yi muka fita mu biyu, yana gaba ina biye. Na tambaye shi maƙwabta don dai in sauke nauyi, ya ce duk sun tafi kasuwa, kuma ai kowa ya san iyakarsa tun zamanin kakanni. Muka zagaye akajunsa. Sai ya karya kwana ya nufi wani ɗan fili mai dogayen itatuwan ɗorawa, guda tara, tsofaffi, inuwarsu ta haɗe. A ƙarƙashinsu na'urar ta fara wasa, ganye ya tare mata sama. Na tsaya ina ɗaga ta ina tsaki, ina cewa itatuwan nan sun hana mutum aiki. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, dama yana da niyyar sare su. Na ce masa gara haka. Da bakina na faɗa.

Muka rufe zagaye, na'ura ta nuna lamba, na rubuta. Ranar gona goma sha ɗaya na kawo, shef ya yabe ni a gaban jama'a.

Kusan shekara ta zagayo, ina Paraku, mahaifiyata ta kira ta ce in zo Jugu, kuma kada in ce mata aiki. Da na shiga gida na tarar da wata tsohuwa zaune a tabarmarta. Na san fuskar. Mai daddawa ce a kasuwa, a wurinta gidanmu ke saye tun ina ƙarami, kowa Iya yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bar mata shi ne wancan ɗan fili a gefen Kolokonde. Ba ta noma shi, ɗorawar ce dukiyarta. Duk bazara ta je ta sa a kaɗo mata, ta fitar da kalwa, ta yi daddawar da za ta kai ta shekara. Da itatuwan nan ta ci da kanta, da su ta aurar da 'ya'yanta mata biyu.

Wannan bazarar da ta je, sai ta tarar da kututture bakwai da ramin gawayi. Da ta yi magana, maƙwabcin filin, mutumin nan, ya zaro takarda mai zane da hatimi, ya ce ba shi ya faɗa ba, satelit ne ya gani daga sama. Ta kai kuka wurin delege, mai riƙe da ƙauyen. Shi ma ya juya takardar, ya ga hatimin Paraku, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Sai da ta yi ta cigiya kafin aka gaya mata ɗan wance ne ya yi awon.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, abin naka da ke gani daga sama, bai ga ni ba ne?"

Mahaifiyata ce ta amsa, ta ce abin ba ya gani, mai riƙe da shi ma ba ya gani.

Washegari na koma Paraku na shiga ofishin shef, ina tsammanin zai tashi tsaye. Ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce takardarmu ba takardar mallaka ba ce, ta sanin girman gona ce kawai, kuma an rubuta haka a ƙasanta. An rubuta ɗin, da Faransanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, a ƙauyen da masu karanta Faransanci ba su cika hannu ba. Na ce a ba ni na'ura da babur kwana ɗaya in je in sake awo. Ya ce an rufe dosiyen Jugu, wato fayil ɗin aikin, an aika rahoto, ba zai buɗe shi saboda itatuwa ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Inji ba ya ƙarya, mon ami. Abin da ka kawo shi muka buga."

Wallahi na ji kamar in kifa masa teburin. Mutumin da ya san mun bar kiran maƙwabta, wanda saboda gona gomansa muka bari, shi ne yau yake wanke hannunsa da inji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Ni na kawo.

Wani abokina, wanda muka yi formasiyo tare, shi ke riƙe da makullin ɗakin kaya. Ranar Asabar ya zaro mini GPS ɗaya da sababbin pil, wato batura, ya ce Litinin da safe ya gan shi a wurinsa, kuma in an tambaya bai san ni ba. Ya kuma buga mini tsohon zanen. Na hau mota zuwa Jugu, daga nan na ɗauki zem, ɗan acaba, zuwa ƙauyen.

Na roƙi delege ya tara dattawa da duk mai gona a kewayen, da Iya, da mutumin. Ya zo da takardarsa a cikin leda, yana ta injiniya sannu da zuwa. Wannan karon sunan bai yi mini daɗi ba. Na ɗaga na'urar sama kowa ya gani, na ce, "Wannan abu bai san iyakar kowa ba. Ƙafata yake bi. Ƙafata kuwa bayan mutumin nan ta bi, ranar kasuwa, babu maƙwabci ko ɗaya. Laifinsa ne, laifina ne."

Don su yarda, na kunna ta na zagaye masallacin ƙauyen da rijiyar da ke gabansa, na nuna musu zanen da ya fito, na ce in na kai wannan Paraku aka buga hatimi, masallacin ya zama nawa ke nan? Wani dattijo ya yi salati. Ashe su ma duk sun san filin na Iya ne, hatimi da maganar satelit ne suka ɗaure musu baki. Muka ɗunguma zuwa gonar. Dattawan suka nuna layin bini-da-zugu da mijinta ya shuka a kan iyaka. Mutumin ya tumɓuke shi, amma saiwoyin sun sake tsirowa nan da can. A kan layin nan na bi, Iya na gaba da sandarta, jama'a na baya. Awon da na yi cikin minti kaɗan a bara, ranar sai da ya ci mana daga hantsi zuwa la'asar.

Fili ya koma hannunta. An karɓi takardar an yaga a gaban kowa. Hukuncin da aka yi wa mutumin shi ne ya ba ta haƙuri, ya kuwa bayar, kansa a ɗage, kamar wanda ya taka mata ƙafa a kasuwa. Gawayin ya riga ya sayar. Shef ɗinmu daga baya aka ƙara masa girma. Ni da labarin ya isa ofis, takardar gargaɗi aka ba ni saboda fitar da kayan aiki ba izini.

Har yanzu awon gona nake yi, kuma ina son na'urar, ta fitar da ni daga dazuzzukan da ba zan iya fita ni kaɗai ba. Amma ba na kunna ta sai na ga fuskar kowane maƙwabci. In an ce wance ta tafi kasuwa, sai in ce to mu ma mun tashi sai ta dawo. Ana ce mini mai nawa, wurare biyu sun sallame ni a kan haka, ban kuma ji ciwo ba. Abin da na gane shi ne mutanenmu suna jin tsoron takarda da na'ura fiye da yadda suke yarda da idonsu, kuma duk wanda aka damƙa wa irin wannan abu, amanar waɗanda ba sa wurin aka ba shi.

Da damina ta faɗi na sayo dashen ɗorawa bakwai na kai na dasa a gefen kututturan, na kewaye su da ƙaya saboda shanu. Iya na zaune a inuwar biyun da suka rage tana kallona. Da na gama ta sa mini albarka, ta ce jikoki sa ci. Biyun nan ba su isa riƙe sana'a ba, don haka ta koma sayen kalwa a hannun wasu, tana tsofai-tsofai da ita tana ciniki a kan abin da a da take kyauta da shi. Bayan shekara uku ta rasu. Da na je gaisuwa na biya ta filin, na tsaya kusa da mafi tsawo a cikin dashen, ko kafaɗata bai kai ba.