'Yar Wayar Da Na Cire

A shekarun da kuɗi suka fara yawo a Abuja, bayan sojoji sun koma bariki, ina da shagon kayan kwamfuta kusa da kasuwar Gudu. Abin da ya fi tafiya shi ne wani kati da ake sakawa cikin kwamfuta, ya kamo tashar talabijin, har mutum ya ɗauki shiri ya ajiye.

Kowane kwali yana zuwa da 'yar gajeriyar waya. Ita ke kai sauti daga katin zuwa kwamfutar. Mu 'yan layinmu mun saba cire ta mu sayar daban. Sai mu soka lasifika kai tsaye a jikin katin, mai saye ya ji murya tangaran, ya tafi. Yawancinsu ƙwallo kawai suke kallo, ba sa ɗaukar shiri, balle su gane sautin ba ya shiga kwamfutar.

Wata Litinin wani direban ma'aikata da ke zaune a Lugbe, ɗan asalin yankin, ya shigo rungume da kwamfutar da na haɗa masa. Ya ce 'yan talabijin sun je ƙauyensu kafin a rushe shi, sun ɗauki hoton mahaifiyarsa tana waƙar sussukar dawa da yarensu. Don shirin ya sayi katin. Ranar da aka nuna shi ya ɗauka, ya ajiye, bai sake buɗewa ba sai da ta rasu.

“Oga, duba mini. Mama yana waƙa, amma ba ya fita,” in ji shi, da irin Hausarsu ta 'yan yankin.

Na kunna. Ga tsohuwa da sanda a hannu, baki yana motsi, mata suna tafi a bayanta. Shiru. Na ƙure ƙara, na sauya lasifika, na shiga wajen zaɓen inda sauti zai shigo. Tun da na leƙa bayan kwamfutar na ga ramin da 'yar wayar nan ke shiga a buɗe na san komai, amma na yi kusan awa guda ina taɓe-taɓe.

“Ranar na ji shi da kunnena fa,” in ji shi.

“Ka ji, amma kwamfutar ba ta ji ba. Akwai wayar da ya kamata in saka maka. Ni na cire ta.”

Bai zage ni ba. Tambaya ya yi ko in an saka yanzu muryar za ta dawo. Na ce a'a.

Washegari na rufe shago muka je gidan talabijin ɗin neman kaset ɗin shirin. Wani ma'aikaci ya duba ɗakin ajiya, ya dawo ya ce an riga an ɗauki wani taro a kan kaset ɗin.

Da muka koma shago, ya roƙi in sake kunna masa. Ya ja kujera, ya ƙura wa bakin mahaifiyarsa ido, yana bin waƙar a hankali. Ya kai tsakiya ya tsaya.

“Daga nan ban iya ba,” ya ce. Ya tashi ya fara naɗe wayoyin kwamfutarsa.