Ƙuduji a Bangon Aji

Shekarar da aka kawo wa kwalejinmu kwamfutoci da majigi, ni aka ɗora wa nauyin koya wa malamai aiki da su. Aka tara su a aji, aka ce in tsaya gaban allo. To rabinsu sun koyar da ni ina ɗalibi. Wane dattijo ne zai zauna a bencin ɗalibai, yaron jiya na tsaye a kansa yana cewa danna nan? Washegari matasa kaɗai suka dawo.

Wanda ya fi damuna shi ne malamin aikin gona, mutumin Fakuwa. Shugaban sashe ya ce duk wanda bai koya ba za a ba wani ajinsa, shi kuwa Malam gara a hana shi abinci da a hana shi aji.

Ran wata Asabar na hau babur na same shi a gona. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na manta yadda ake gane ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, kafin ta yi fure.

Ya harare ni ya ce, "Halan birni ya cinye maka kai. Taho in gwada maka."

Yana cikin bayani na miƙa masa wayata, na roƙe shi ya ɗaukar mini hoto, tunda shi ya san inda ake dubawa. Hoton farko babban yatsansa ne ya cika shi, muka yi ta dariya. Haka muka ci damina, ni a ƙasa ina tambaya, shi a kan kujera yana dannawa, daga waya har muka kai ga kwamfuta.

Da rani ya yi, lokacin da Malam ya saba zana ganye da alli don babu ɗanye a gona, shugaban sashe ya zo duba ajinsa. Na raɓe kusa da majigi. Malam ya kunna da kansa. Sai ga gonarsa a bango, kore shar, ga ƙuduji a gindin gero ya fi mutum tsawo. Ya yi nisa cikin bayani, haushin ciyawar ya kama shi, ya kai hannu bango zai tuge ta.

Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi har da hawaye. Shugaban sashe ya fita yana dariya, bai sake ta da maganar karɓe ajin ba. Daɗi ya cika ni, na matsa in sauya masa hoto.

Malam ya ture hannuna ya ce, "Ɗana, koma baya ka zamna. Darasi nike."