Yadda Baba Bachisio Ya Ci Amanar Matarsa Saboda Faten Wake

A ƙauyenmu na kan duwatsun Sardiniya, ɗan shekara tamanin yaro ne, aikensa ake yi. Baba Bachisio kuwa, wanda katangarsa ke jingine da tamu, ya haura casa'in da biyar, kuma har yau in ya kama hawan dutse zuwa 'yar gonarsa, akuya ce kaɗai ke iya binsa. Tun yana kiwon tumaki abincinsa bai sauya ba: faten wake da dankali da ganyen daji, a tsiyaya man zaitun a kai, ga busasshen burodi da ɗan cukun tunkiya. Nama sai ranar biki.

Da matarsa Raimonda ta rasu, sai murhu ya mutu. Bachisio ko ruwa bai iya dafawa ba. Ya koma gaigayar burodi a tsaye bakin taga, har wando ya fara zamewa. A wajenmu kuwa, mutum ya ci abinci shi kaɗai, ciwo ne. 'Yarsa Gesuina, yarinyar da ta ba saba'in baya, ta zo daga birnin Cagliari ta tarar an ɗaure wandon da igiya. Ta rantse ran Lahadi za ta tafi da shi birni, sai fa in ya samu teburin da zai riƙa zama kullum da rana. Shi kuwa ya ce gara a binne shi da ya zauna inda akwatin ƙarfe ke hawa bene da mutum, tumatir kuma ba ya ƙamshi.

Tebur ɗaya ne a layinmu ke da kujerar da ba kowa, na Inna Nannedda, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita da Raimonda tun suna 'yan mata suke gasar fate, kuma Bachisio ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa a dandali cewa na Nannedda ruwan wanke-wanke ne. Ta ce ta yarda ta ciyar da shi, amma sai ya faɗa a gaban jama'a cewa nata ya fi na marigayiya.

Ran Lahadi mota na ƙofar gida, jakarsa na ciki. Mu maƙwabta muka cika ɗakin girkin Nannedda, kowa wai gishiri ya zo ara. Ta zuba wa Bachisio fate. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce waken bai nuna ba, ya shanye tas. Ta ƙara. Ya ce dankalin ya dame, ya suɗe kwanon da burodi.

"Tsohon bunsuru, bakin na ci ne kawai?" in ji Nannedda. "Faɗi mu ji."

"Ke dai ki bar mutum ya haɗiye mana."

"Baba, rana tana yi," in ji Gesuina, tana kaɗa makullin mota.

Ya dubi makullin, ya dubi tukunya, ya ɗaga kai sama kamar mai neman gafara. Can ƙasa-ƙasa ya ce ya fi na Raimonda. Nannedda ta karkato kunne, ta ce yau ba ta ji sosai. Sai da ya maimaita da ƙarfin da ya tashi karen maƙwabta. Gesuina ta sauke jakar tana dariya har da hawaye.

Washegari da safe ya yi aski, ya tsinki furanni, ya hau dutse zuwa maƙabarta. Muka bi shi a baya, muka laɓe a katanga. Ya cire hula, ya yi wa Raimonda bayani dalla-dalla: tilas aka yi masa, bakinsa ne ya faɗa ba zuciyarsa ba, kuma ta tuna ita ta tafi ta bar shi da yunwa. Sannan ya matsa kusa da kabarin.

"Amma tsakani da Allah, Raimonda, ke ma tafarnuwarki takan yi yawa."

Ƙararrawar coci ta buga ta tsakar rana. Ya maka hularsa, ya gangaro da sauri har ya wuce mu bai gan mu ba, don Nannedda ta ce wanda ya makara sai dai ya kankare tukunya.