Shida Ba Ko Ɗaya a Ƙeyar Tela

Babu mai yafiya a layin nan kamar Mai Aski. Shi da kansa yake faɗa, yawanci lokacin da aska ke kan maƙogwaron mutum, don haka ba a taɓa musa masa ba. Ya yafe wa wanda ya ari injin askinsa ya dawo da shi ba haƙora. Ya yafe wa maƙwabcin da ke zuba ruwan wanki a ƙofar shagonsa. Mutum ɗaya ne ya rage: Tela, mijin ƙanwarsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙungiyar Tela, masu jar riga, ta zura wa ƙungiyar Mai Aski, masu shuɗiya, ƙwallo biyar ba ko ɗaya. Washegari Tela ya kawo masa rigar da ya ba shi ɗinki, an goge an ninke. Da ya warware sai ga maɓallai jajaye guda biyar a jere. Ya ƙirga su sau biyu, ya ce ɗinki ya yi kyau, ya rataye rigar a bayan madubi.

A ranar ya yanke hukunci. Duk sa'ad da shuɗɗa suka rama, zai zana sakamakon a ƙeyar Tela da aska, ya sake shi ya ratsa kasuwa. Daga nan ba su ƙara zancen ƙwallo ba. Mai Aski ya ɗauki shirun Tela a matsayin raini, ya haɗa da na baya.

Matsalar ita ce shuɗɗa ba sa sauri, gashin Tela kuwa yana yi. A shekara ta huɗu sanƙo ya buɗe a tsakiyar kai. Mai Aski ya shiga damuwa fiye da mai kan. Ya sayo man gashi mai tsada, ya rage zurfin aski, ya hana shi hula mai matsewa. Har ƙanwarsa ta zo godiya.

"Yaya, yadda kake kula da kan mutumin nan, ko ni ban kai ka ba."

"Ai namu ne," in ji shi.

An taɓa cin jajaye biyu da nema. Masu jiran layi suna ta murna, shi ya kashe talabijin. Biyu ba ta kai abin ɓata gashi ba.

A bana shuɗɗa suka ci jajaye shida ba ko ɗaya. Bai yi ihu ba. Ya sauko da rigar, ya kakkaɓe, ya sa, ko da yake ta daina rufe tumbinsa. Ya sa sabuwar reza. Da Tela ya zo ya cire hula, abin da ya rage a ƙeya bai fi tafin hannu ba. Ya isa. Mai Aski ya zana shida, ya zana sifiri, a tsanake, sannan ya ɗaga ƙaramin madubi.

"Yaya, lambar mece ce wannan?"

"Wasan jiya."

"Su wa suka buga?"

Mai Aski ya dube shi.

"Ni tun da likita ya ce ina da hawan jini, na bar kallo," in ji Tela. "Shekara bakwai ke nan."

"To waɗannan fa?" Mai Aski ya nuna maɓallan da ke ƙirjinsa.

"Au, rigar nan tana nan? Jajayen ne kawai suka rage min a gwangwani ranar."

"Guda biyar cif?"

"Ramuka biyar gare ta, Yaya. Kawo ta a buɗa maka ciki."

Tela ya ƙara leƙa madubi, ya ce hannun Yaya bai tsufa ba, sifirin ya fita. Sannan ya ɗauki hularsa ya kifa har kunne. Tun da sanƙo ya fito, ba wanda ya taɓa ganin ƙeyar Tela a waje.